Motocin otomatik da zafin ƙasarmu: mai jari ya san inda tiyo ya bi

Duk wanda ke zuwa tasha ko bakin kasuwa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya ga yadda motocin ɗaukar kaya suka sauya kama. Tsofaffin Peugeot 404 da 504 da muke kira bashe, waɗanda suka yi wa iyayenmu hidima shekara da shekaru, sun kusa ƙarewa. Toyota Hilux da Land Cruiser suka gaje su, yanzu kuma ga pikop na hannu da ake shigowa da su daga Amurka, irin su Tacoma da Tundra da Nissan Frontier, waɗanda mafi yawansu akwatin giyarsu, wato bwat kamar yadda makanikanmu ke faɗi, otomatik ce. Masu saye suna murna, domin babu taka kuloci, direba ba ya gajiya da wuri, kuma ko Hajiya da kanta tana iya ja zuwa kanti. Sai dai ba wuya mutum ya leƙa gareji ya tarar da irin wannan mota a ɗage, fentinta na ƙyalli, injinta lafiya lau, amma an sauke bwat an baje a kan kwali.

Ra'ayinmu a nan shi ne, yawancin waɗannan bwat ba tsufa ke kashe su ba, zafin mai ne. Kuma akwai wani ƙaramin radiyater na musamman da ake ƙara wa mota don ya sanyaya wannan mai, wanda kuɗinsa da na ɗaurawa bai kai kusa da kuɗin wata bwat ba. To amma sayensa kawai ba ya wadatarwa. Dole mai mota ya sa baki a abu biyu: wane iri za a saya, kuma ta ina man zai bi. Mun san wasu za su ce wannan maganar makanikai ce, me ya kawo ta shafin ƴan kasuwa? Amsa ita ce, in mota ta tsaya tsakanin Galmi da Madawa da tsakar rana, ba albasar makanike ke cikinta ba. Matar da ta haɗa kuɗin adashi ta sayi tumatir kwando goma, ita ce ke zaune a gindin bishiya tana kallon jarinta na narkewa, alhali ko motar ba tata ba ce.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki, don a gane inda zafin ke fitowa. A mota mai giyar hannu, ƙarfe ne ke kama ƙarfe, ƙarfin inji ya wuce kai tsaye zuwa taya. A otomatik kuwa, tsakanin inji da bwat akwai wata ƙwarya ta ƙarfe cike da mai, makanikai na ce mata konbertiser. A cikinta fanka ɗaya da inji ke juyawa tana watsa mai, man kuma ya tura wata fankar da ke haɗe da bwat. Ke nan mai ne ke ɗauke da nauyin mota. Muddin fankar farko ta fi ta biyu gudu, kamar lokacin tashi, ko hawan tudu, ko nutsewa cikin rairayi, ƙarfin da bai kai ga taya ba zafi yake zama a cikin man. Idan mota ta miƙe a kan gudron da gudu daidai, akwai wani faifai da ke kulle fankokin biyu su zama ɗaya, sai zafin ya ragu. Shi ya sa tafiyar Yamai zuwa Maraɗi, kilomita sama da 600 a kan hanya mai lamba 1, ba ta cutar da bwat kamar tafiyar kilomita 30 cikin yashi zuwa kasuwar ƙauye da buhunan wake.

Wannan mai ɗin kuma ba aiki ɗaya yake yi ba. Shi ke turo giya, shi ke matse faya-fayan da ke cikin bwat, shi ke shafe ƙarafa, shi ke kwashe zafi. Ya fi son ya zauna wajen digiri 80 zuwa 90. Akwai wani lissafi da masu gyaran bwat suka daɗe suna amfani da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 ko 11 a kan haka yana raba kwanan man gida biyu. Lissafin kimantawa ne, kuma mai na zamani ya fi na da juriya, amma alƙiblarsa gaskiya ce. In zafi ya haura digiri 115 zuwa 120 man na fara dahuwa yana barin datti mai danƙo, gaba kaɗan robobin da ke riƙe mai su bushe su tsage, in ya doshi 145 zuwa 150 faya-fayan su fara sulɓewa suna ƙonewa. Abin takaici, allurar zafi da ke gaban direba ruwan inji take aunawa, ba man bwat ba. Tana iya zama a tsakiya lafiya lau alhali can ƙasa ana suya.

Yanzu a dubi inda muka kawo waɗannan motoci. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a Tawa da Ƙonni da Maraɗi yana wuce digiri 40 a inuwa, balle a kan gudron. Hilux an yi ta ne ta ɗauki kimanin tan ɗaya, Tacoma ma ba ta kai haka ba, amma kowa ya san abin da muke lodawa ranar kasuwa: buhuna har sun fi kan mota tsawo, awaki a gefe, fasinja a bisa. Sa'annan ga yashin hanyoyin ƙauyukan Dakwaro da Mayahi da Tanut, ga hawan duwatsun Adar wajen Keita da Buza. Motar da wani Ba'amurke ya yi shekara goma yana zuwa aiki da ita babu komai a baya, ita ce muka mayar jaki.

Kamfanin da ya ƙera mota bai manta da sanyaya mai ba. A yawancin motocin, tiyo biyu na fita daga bwat zuwa babban radiyater, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira lagireto. A cikin tankinsa akwai wani ƙaramin bututu nutse a ruwa, man na bi ta ciki, ruwan ya karɓi zafinsa. Dabara ce mai kyau, amma tana da iyaka: ranar da inji ke fama da lodi, ruwan da kansa ya yi zafi, ba ya iya karɓar nauyin wani. Motocin Amurka da aka tanada tun daga kamfani don jan tirela sukan zo da ƙarin radiyater na mai a gaba. Saboda haka kafin a kashe ko dala, a leƙa ta ragar gaban mota a duba, mai yiwuwa yana nan. In babu, to nan maganarmu ta fara.

A kasuwar kayan gyara iri biyu ne manya. Akwai wanda bututu ɗaya ne ke lanƙwasa kamar maciji a cikin siraran ganyen alminiyum. Shi ya fi araha, kuma shi mai kanti zai fara miƙo maka. Akwai kuma mai faranti-faranti, wanda man ke rarrabuwa ya bi ta cikin faɗaɗɗun faranti da aka jera bisa juna. Wannan na biyu, a girma ɗaya, ya fi kwashe zafi sosai, domin man na shimfiɗuwa ya taɓa ƙarfe ta ko'ina, kuma jikinsa ya fi jure tsakuwa da girgiza. Ga motar da ke zuwa ofis cikin Yamai, mai bututun ma ya isa. Ga motar da ke cin abinci a hanyar ƙauye, mu dai mai faranti muke ba da shawara, ko da za a ƙara wasu jikkuna. Kamfanoni irin su Hayden da Derale da Tru-Cool sukan rubuta a kwalin nauyin motar da kowane ɗaya ya dace da ita. A zaɓi wanda adadinsa ya zarce nauyin motar da lodinta na gaskiya, ba wanda ke rubuce a takardar mota ba.

Akwai kuma tarkon na hannu. Radiyater ɗin mai da aka ciro daga wata mota ba a san abin da ya kashe bwat ɗinta ba. Idan bwat ta ƙone, garin faya-fayai da ɓurɓushin ƙarfe suna maƙalewa a cikin radiyater, ka ɗaura shi a motarka, ka zuba wa lafiyayyar bwat guba da hannunka. Haka nan wanda ya sauya bwat bai wanke tsohon bututu da tiyo ba, kada ya yi mamaki in sabuwar ta bi sahun ta farko cikin wata uku.

Sai babbar gardama, wadda ko makanikai ba su gama da ita tsakaninsu ba: ta ina man zai bi? Da yawa daga cikin masu gyara, da zarar an kawo sabon ƙaramin radiyater, sai su cire tiyo daga babban gaba ɗaya, su haɗa bwat da sabon kai tsaye. Hujjarsu ita ce, ƙasarmu ba ƙanƙara, me za a yi da ruwan zafi kusa da mai? Maganar na da daɗin ji, amma ba mu yarda da ita a matsayin doka ba. Hanyar da muke ganin ta fi ita ce: mai ya fito daga bwat da zafinsa, ya fara shiga babban radiyater, ya fito ya shiga ƙaramin da ke shan iska, daga nan ya koma bwat.

Dalili na farko, ruwa ya fi iska saurin kwashe zafi nesa ba kusa ba. Man da ya fito daga konbertiser a digiri 120 ko fiye, ruwan radiyater, duk da zafinsa, sanyi ne a gare shi. Ruwan ya sauke babban kaso, iska ta ƙarasa sauran. Dalili na biyu ya fi muhimmanci a wajenmu. Ƙaramin radiyater da iska yake aiki, iska kuwa sai mota na gudu. Amma lokacin da bwat ta fi yin zafi shi ne daidai lokacin da mota ba ta gudu, tana rarrafe cikin yashi ko tana kutsawa cikin cunkoson bakin kasuwa. Wanda ya raba man da ruwa ya cire mataimaki a ranar da aka fi buƙatarsa. Na uku, da asubahin Disamba da Janairu, lokacin hunturu, ruwan ne ke ɗumama man da wuri har giya ta shiga da laushi. Wannan ƙaramin dalili ne a nan, ba mu jingina da shi sosai ba.

Wasu kuma suna juya tsarin, su sa ƙaramin a farko, babban a ƙarshe. A ƙasashen sanyi akwai masu yin haka da gangan, don kada man ya yi sanyi fiye da kima. A Damagaram cikin watan Mayu, wannan sanyaya ruwa ne a randa sa'annan a ɗora shi a murhu.

Sai dai akwai inda masu cire tiyon suke da gaskiya, kuma ba za mu ɓoye ba. Bututun nan da ke nutse cikin babban radiyater yana iya fashewa, ruwa ya shiga mai. In haka ta faru man na komawa kamar madarar da aka zuba wa jan kala, kuma faya-fayan bwat, waɗanda fatarsu ba ta shiri da ruwa, suna saɓulewa. An san wannan ciwo a motocin Nissan Frontier da Pathfinder da Xterra na shekarun 2005 zuwa 2010, har kamfanin ya tsawaita garantin radiyater ɗinsu a Amurka. Irin waɗannan motoci na hannu suna yawo a Afirka ta Yamma, garantin kuwa ya daɗe da wucewa. Wanda ke da ɗaya daga cikinsu, ko wata mota da radiyater ɗinta ya tsufa ya yi tsatsa, zaɓinsa biyu: ya sayi sabon babban radiyater ya ci gaba da tsarin da muka faɗa, ko ya raba man da ruwa. In ya zaɓi na biyu, to ƙaramin radiyater ya zama babba sosai, mai faranti, kuma a ɗaura masa fankar lantarki tasa. Mu ma muna da laifi a tsatsar nan a matsayinmu na al'umma, domin ruwan rijiya da na pampo da ake ɗura wa radiyater maimakon ruwan kanti mai launi, shi ke cin ƙarfen daga ciki.

Ta yaya mai mota zai tabbatar an haɗa daidai, tun da tiyo biyun kamarsu ɗaya? Ba a yin canke. Makaniken kirki zai cire tiyo ɗaya a bakin radiyater, ya sa bakinsa da na radiyater cikin roba, yaronsa ya tada inji na ƴan daƙiƙu ya kashe. Inda man ya fito ya nuna alƙiblar tafiyarsa. Tiyon da ke mayar da mai daga babban radiyater zuwa bwat, shi ake yankewa a sa ƙaramin a tsakani. Aikin minti biyar ne. Alhaji ya tsaya a yi a gabansa, Hajiya ta aiko ɗanta ko direban da ta amince da shi. Wasu sababbin motoci ba su da tiyon da ke zuwa gaba, sai wani ɗan akwati manne da jikin bwat da ruwan inji ke shiga. Waɗannan sai da wani mahaɗi na musamman, kada a bari a yi musu fasahar guduma.

Wurin ɗaurawa shi ne can gaba, gaban radiyater na kilim, inda iska ke fara bugowa, tare da ɗan tazara don kada ƙarfe ya goge ƙarfe. A cikin kwalin akan samu wasu tsinkayen roba da ake sokawa ta cikin ganyen radiyater a ɗaure. A kan titin Turai suna iya yin shekaru. A kan hanyar laterit mai ƙunya-ƙunya, girgiza na sa su yanka bututun ruwa ko na kilim, a zo gyaran abu ɗaya a ɓata biyu. Gara mai walda ya yi masa ƙafafu na ƙarfe a ɗaure da noti a jikin mota. Bakunan mai faranti su kalli sama, ko su kalli gefe man ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, don kada iska ta maƙale a ciki ta hana rabinsa aiki. Sa'annan direbobinmu masu son ado su yi haƙuri: manyan fitilu da faranti mai rubutun kirari da labulen roba da ake jerawa a gaban raga suna tare iskar da aka sayi radiyater dominta.

Tiyo kuma, a nan ne ƙaramin tsimi ke jawo babbar asara. Tiyon fetur ko na ruwa ba ya jure man bwat mai zafi, yana kumbura ya yi laushi ya fashe. A nemi wanda aka yi don wannan aiki, wanda sau da yawa akan buga lamba SAE J1532 a jikinsa, kuma faɗinsa ya yi daidai da na motar, galibi milimita 8 ko 10. Kada a ƙanƙance hanya, kada a lanƙwasa shi har ya tsuke, a nisanta shi da salansa da bel ɗin fanka da bakin ƙarfe mai kaifi, a ɗaure kowane baki da kolye na ƙarfe, ba waya ba, ba tsumman roba ba. Famfon bwat ba ya wasa: in tiyo ya zame mota na tafiya, cikin ƴan mintuna man ya tsiyaye a hanya, in kuma ya fesu a kan salansa mai zafi, wuta na iya kamawa, ga kaya ga mutane a baya.

Bayan ɗaurawa man zai ragu, domin sabon radiyater da tiyo sun sha nasu, dole a cika. Kuma ba kowane jan mai ne man kowace bwat ba. Tsofaffin Toyota na shan Dexron, wasu T-IV, na baya-bayan nan WS, Nissan kuma na da nasa da ake kira Matic. Yawancin masu shan WS ba su da sandar awo, ta wani noti a ƙasa ake auna su, mai na kan wani zafi da aka ƙayyade. Makaniken da bai san wannan ba, ba laifi ba ne a gode masa a nemi wani.

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce, a sayi mai giyar hannu a huta. Gaskiya ne, ga aikin daji babu kamar giyar hannu, kuma wanda bai riga ya saya ba ya yi tunani a kai. Amma dubban jikkunan mutane sun riga sun shiga otomatik, kuma tun da aka rufe iyakar Benin ta Gaya a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, neman wata bwat ya ƙara wuya da tsada. Kare wadda ke hannu ya fi sauƙi. Abin da muke tsoro shi ne kada mai mota ya ɗauki ƙaramin radiyater a matsayin izinin ƙara buhu goma. Ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya ƙara wa taya ko sifirin. Kuma direba na da nasa kaso: cikin yashi mai zurfi ya sa ƙaramar giyar taya huɗu, wadda aka rubuta wa L4 ko 4L, a hawan tudu da lodi ya sauko zuwa 2 ko L, kada ya tsayar da mota a kan gangare da totur maimakon birki.

Ku kuma iyayenmu mata da ke hayar waɗannan motoci zuwa kasuwannin mako, kuna da ido da hanci, kuma kuɗinku ne. In kun ji ƙauri kamar na man da ya ƙone a kasko yana tasowa daga ƙarƙashin mota, ko inji na kuka mota ba ta ja, ko kun ga jan mai na ɗiga inda aka tsaya, ku yi magana tun a tasha. A motocin Toyota da dama akwai fitilar da ke rubuta A/T OIL TEMP a gaban direba. In ta kama, ƙa'ida ita ce a sauka gefen hanya, a sa giya a P, a bar inji na aiki a hankali har ta mutu, domin in an kashe inji man ya daina zagayawa ke nan. Minti goma sha biyar da za a ɓata a nan, kada ku matsa wa direba don kasuwa na ci.

Lokacin yin wannan aiki shi ne Janairu ko Fabrairu, kafin bazara ta kama, sa'ad da ake jigilar albasa kuma mota ba ta da ranar hutu. Wanda ya riga ya ɗaura, ya sa a wanke ganyen radiyater ɗin daga ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwarin da suka toshe shi, da ruwa marar ƙarfi don kada ganyen ya lanƙwashe, a kuma sake matse kolye ɗaya bayan ɗaya.